ZARE: Tun yaushe muka fara shan sukari haka?

1/ In aka ce wa mutum ya rage sukari, sai ka ji ya ce "ai haka muka taso, haka iyaye da kakanni suka sha." Iyaye, wataƙila. Kakanni kam a'a. Wannan zaren tarihi ne: daga ina farin garin nan ya fito, wa ya kawo mana shi, kuma yaushe ya mamaye mana kofi. Yana da tsawo, a gyara zama. 🧵

2/ Mu fara da sunan. "Sukari" aro muka yi daga Larabci, sukkar. Larabawa sun ara daga Farisa, shakar. Su kuma daga tsohon harshen Indiya, Sanskirit, inda ake cewa sharkara, wato tsakuwa. "Suga" da muke faɗa yanzu ta bakin Turawa ta iso mana, amma kakarsu ɗaya.

3/ Shi kansa rake an fara noma shi a tsibirin Niyu Gini, can kusa da Ostareliya, shekaru dubbai da suka wuce. Shan sa kawai ake yi kamar yadda muke yi a bakin tasha. Mutanen Indiya ne suka gano a matse ruwan, a dafa, a bar shi ya daskare ya zama abin da za a iya ajiyewa a kuma ɗora wa raƙumi.

4/ Abin dariya, su ɗin dai ne suka fara bayanin cutar. Tsoffin likitocin Indiya sun lura akwai masu fitsarin da tururuwa ke taruwa a kai, suka sa wa ciwon suna madhumeha, fitsarin zuma. Sun kuma lura ya fi kama masu ƙiba, masu cin daɗi da zaman wuri ɗaya.

5/ Bayan Musulunci ya kai Farisa, Musulmi suka ɗauki noman rake suka kai shi Masar, Sham, Sisili, Andalus da Maroko. Amma fa a zamanin sukari kayan kantin magani ne. Ana haɗa shi a maganin tari da na ciwon ƙirji, ana auna shi kaɗan-kaɗan. Wanda ke cin sa don marmari, to fada yake ko gidan attajiri.

6/ Wani ɗan ratse da nake so. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, wanda ya turo rundunar da ta karya Daular Songhai a Tondibi a 1591, yana da masana'antun sukari a kudancin ƙasarsa. 'Yan kasuwar Ingila na zuwa su saya, su kawo masa kaya har da makamai. Ana ma cewa farin dutsen da ya ƙawata fadarsa ta Badi a Marrakesh musaya ya yi da Italiyawa: nauyin dutse, nauyin sukari.

7/ To, daga nan labarin ya yi duhu.

8/ Rake ba kamar gero ba ne da za ka yanka ka zuba a rumbu. In an sare shi dole a matse cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba ruwan ya yi tsami. Ke nan lokacin girbi ana buƙatar hannaye masu ɗimbin yawa, dare da rana, ga sara, ga injin matsa, ga tukwanen da ke tafasa. Aikin da babu ɗa mai 'yanci da zai yarda ya yi shi a kan ladan da masu gona ke son biya.

9/ 'Yan Fotugal suka gwada a tsibirin Madeira, sannan Sao Tome da ke nan cikin tekunmu, kudu da Najeriya: gonar rake, da bayi daga Afirka. Abin ya kawo kuɗi. A 1493 Kolumbus ya ɗauki irin rake a tafiyarsa ta biyu zuwa nahiyar Amurka. Sai Burazil, sai Barbados, sai Jamaika, sai Haiti.

10/ Kimanin 'yan Afirka miliyan 12.5 aka loda a jiragen bayi cikin kusan shekaru 350. Wajen miliyan 10.7 ne suka sauka da rai. Mu mun fi sanin labarin gonakin audugar Amurka saboda fina-finai, amma waɗanda aka kai can kai tsaye ba su kai rabin miliyan ba. Mafi rinjaye Burazil da tsibiran Karebiyan aka kai su, kuma rake ne babban dalili.

11/ A ɗakin matsa rake akan ajiye adda ko gatari a kusa da injin. Ba don rake ba. Don in barci ya fizgi bawa injin ya kama masa yatsu, a datse hannun kafin ya ja shi gaba ɗaya.

12/ Kada ka ce wannan labarin wasu ne. Yaƙe-yaƙen jihadi da suka fara a 1804 sun samar da fursunoni daga kowane ɓangare, aka gangara da da yawansu bakin teku aka sayar. Hausawa masu yawa suka tsinci kansu a Bahia, cibiyar raken Burazil.

13/ Kuma ba su kwanta ba. A 1807 an bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a birnin Salvador. A 1809 da 1814 suka sake tashi. A Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, aka yi babban boren Musulmi da ake kira na Male: Yarbawa ne suka fi yawa, da Hausawa a ciki. Sun fito da fararen riguna, 'yan sanda suka tarar da layu da rubutun Larabci a jikin gawarwakinsu.

14/ Duk wannan jinin ina yake tafiya? Kofin shayin Ingila.

A wajen 1700 mutum ɗaya a Ingila na shan abin da bai wuce kilo 2 ba a shekara. A 1800, wajen kilo 8. A 1900, wajen kilo 40. Sidney Mintz, wanda ya rubuta Sweetness and Power a 1985, ya nuna yadda shayi mai sukari da burodi suka zama abincin leburan masana'anta: ba tsada, ba ɓata lokacin girki, ga ƙarfin da zai mayar da kai bakin inji.

15/ Ka ji wannan sifar ka tuna da teburin mai shayi da ƙarfe shidan safe, 'yan acaba da 'yan dako a jere. Ban ce komai ba.

16/ Gangamin "a daina shan sukari" na farko ma ba na lafiya ba ne. A 1791 dubban ɗaruruwan mutane a Birtaniya, galibi mata ke jan ragamar a gidaje, suka ƙaurace wa sukarin da bayi suka noma. A shekarar ce kuma bayin Haiti suka tashi, har suka kori Faransa suka kafa ƙasarsu a 1804.

17/ Yanzu mu dawo gida. Me ake zaƙaƙa baki da shi a ƙasar Hausa kafin sukarin kanti?

Zuma. Dabino daga Agadas da Bilma. Rake da takanɗa, a sha a tofar. Maɗi. Garin ɗorawa. Goruba, ɗinya, kanya, magarya, aya. Kunun zaƙi na asali ma da tsiron hatsi ko dankali ake fito masa da zaƙinsa.

18/ Ka lura da abu biyu a jerin nan. Na farko, kusan duk suna da lokaci: ɗorawa ta wuce, sai baɗi. Na biyu, akwai wahala kafin zaƙin ya kai maƙoshi. Gwagwiyar goruba ɗaya sai muƙamuƙinka ya faɗa maka. Zuma kuwa Hausawa sun gama magana, da zaƙi da harbi.

19/ Alkaki, nakiya, alewa? Suna nan tun da daɗewa, alkaki da alewa sunayensu ma daga Larabci suka zo. Amma kayan gara ne, kayan suna da Sallah. Ba wanda ke karya kumallo da nakiya kullum.

20/ Ga lissafin da ya fi burge ni a duk labarin nan. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zauna a Kano a 1851 ya ƙididdige kayan da ke shigowa kasuwa ta Sahara. Sukari: kayan raƙuma kusan 100 a shekara, kowane raƙumi ɗauke da ƙananan dunƙule 80, kowane dunƙule ya ɗan haura kilo ɗaya.

21/ Buga lissafi. Wajen tan 9 ke nan. Buhu 180 na yanzu. Sukarin da babbar kasuwar ƙasar Hausa ke samu a SHEKARA bai cika sulusin tirela guda ba. Yau dila ɗaya a kasuwar Singa zai sayar da wannan kafin azahar.

22/ Farashi fa? Wuri 1,500 dunƙule ɗaya. Barth ɗin ya ce da wuri 50,000 zuwa 60,000 iyali guda za su yi shekara cikin rufin asiri har da sutura. Wato kilo ɗaya na sukari ya kai cefanen gida na kusan kwana goma. To wane kakan naka ne ke zuba cokali huɗu a koko?

23/ Kuma a 1853, kusa da Sakkwato, Barth ya ga gonar rake inda ake dafa sukari. Mai gonar wani Bafulatani ne da ya yi shekaru yana bauta a Burazil, Allah ya ƙaddara ya dawo gida da sana'ar. Duk lokacin da na tuna mutumin nan sai in so a ce wani ya rubuta labarinsa daga bakinsa.

24/ Shayi ta arewa ya fara zuwa mana. A ƙarni na 19 koren ganyen shayi ya bazu daga Maroko zuwa cikin Sahara, Larabawa da Buzaye suka rungume shi, da 'yar buta da ƙananan kofuna da dunƙulen sukarin da sai an sa guduma. Har shayin Buzaye da muke gani kamar tun fil'azal yake, bai fi shekara 200 a wurinsu ba.

25/ Abin da ya karya farashi shi ne Turawa sun koyi fitar da sukari daga wani gwoza mai zaƙi da ke fitowa a ƙasar sanyi, Napoleon ya tura noman sa a Faransa tun daga 1811. Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Gyaɗa ta gangara kudu, kayan kanti suka hauro: atamfa, kananzir, sabulu, sukarin kwali. Manomi ya sayar da gyaɗa a kantin John Holt ko Gidan Goldie, ya juya ya bar wani abu daga kuɗin a wurin.

26/ A zamanin Turawan ne kuma sana'ar mazarƙwaila ta kankama a ƙasar Zazzau da Kano, doki na juya injin matsa rake. Har gobe in an ce rake sai a tuna Maƙarfi.

27/ Sauran ya zo da gudu. Kamfanin da ke ɗura Coca-Cola a Najeriya an kafa shi a 1951. Masana'antar sukari ta Bacita a shekarun 1960, ta Numan bayanta. Kuɗin mai na shekarun 1970 ya cika ƙasar da alkamar waje, burodi ya tashi daga abincin ma'aikata ya zama na kowa, har wasu masana biyu suka rubuta littafi a 1985 suka kira lamarin tarkon alkama. Indomie ta shigo a ƙarshen shekarun 1980.

28/ Ka duba shekarun nan da kyau. Duk abin da muke kira "abincin da muka taso da shi", shayi mai kauri da burodi, lemon kwalba a walima, taliyar leda da ƙwai da daddare, bai girmi kakarka ba. Wani ma bai girmi babanka ba.

29/ Yau Najeriya na shan sukari fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara. Kusan duka ɗanyensa ake shigowa da shi a tace a nan gida. Daga wace ƙasa? Burazil. Daga raken da aka fara shukawa da hannun bayi.

30/ To ina likitoci suke duk wannan lokacin? Nan ma akwai labari.

A shekarun 1960 ciwon zuciya na kashe Amurkawa, masana suka rabu biyu: kitse ne ko sukari? Ƙungiyar masu masana'antun sukari ta biya wasu masanan jami'ar Harvard dala 6,500 su rubuta nazari. Ya fito a 1967 a babbar mujallar likitoci, ya sassauta wa sukari, ya ɗora laifin a kan kitse. Ba a faɗi wanda ya biya ba.

31/ Sai a 2016 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka tono wasiƙun suka wallafa. Kusan shekara 50.

32/ A tsakani akwai wani Farfesa a Landan, John Yudkin, da ya fitar da littafi a 1972 yana cewa sukari na da hannu a ciwon zuciya da ciwon suga. Aka yi masa ca, aka mayar da shi abin dariya. Kamfanoni kuwa suka shiga cire kitse daga abinci suna cike gurbin ɗanɗanon da sukari, suna rubuta wa a jikin kwali cewa wannan na masu kula da lafiya ne.

33/ Hujjar da ta fi tsaya min a rai daga tarihi ta fito. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta taƙaita sukarin da kowa zai iya saya, ba a ɗage dokar ba sai Satumbar 1953. Ana ɗagewa shan sukari ya kusa ninkawa, daga wajen giram 40 a rana zuwa wajen 80.

34/ A 2024 mujallar Science ta wallafa binciken da ya kwatanta waɗanda aka haifa dab da ɗage dokar da waɗanda aka haifa bayanta, yanzu duk sun tsufa. Waɗanda suka yi kwana 1,000 na farko, daga ciki zuwa shekara biyu, a zamanin ƙarancin sukari: haɗarin ciwon suga ya ragu musu da kusan kashi 35 cikin 100, hawan jini da kusan kashi 20.

35/ Iyaye mata da masu ƙanne, wannan naku ne. Yaron da bai kai shekara biyu ba bai san lemo ba, bai roƙa ba. Mu ke ɗiga masa a baki don ya yi shiru, mu ɗauki bidiyo yana lashe leɓe. Zuma ma ba a ba jaririn da bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

36/ A yi adalci: ba sukari kaɗai ke kawo ciwon suga ba. Akwai gado, akwai ƙiba musamman teɓa, akwai rashin motsa jiki. Akwai kuma nau'in da ke kama yara wanda ba ruwansa da abin da suka ci, don Allah a daina zargin iyayensu. Amma sukarin da ake SHA shi ne hanya mafi sauri zuwa ƙiba, domin ruwa ba ya ƙosarwa. Ka shanye kwalba ka kuma cinye shinkafarka tas.

37/ Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015: babba kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, cokalin shayi 12, in ya iya tsayawa a 6 ya fi. Galibin lemon gas na da wajen giram 10 a kowane mililita 100. Robar rabin lita guda ta cinye maka kason ranar gaba ɗaya. Ba a zo kan shayin safe ba, ba a zo kan fanke ba.

38/ Masu cewa "ni na koma zuma da mazarƙwaila": a lissafin hukumar duk suna cikin giram 50 ɗin, har da ruwan 'ya'yan itacen da aka matse. Zoɓo da kunun ayan da ake ƙullawa a roba ma wani ya fi na kamfani zaƙi. Abin da ba a ƙirgawa shi ne ɗan itacen da ka ci da tsokarsa: mangwaro, gwaba, kankana, lemon ɓawo.

39/ Batun abincin leda kuwa, ɗan Burazil ne ma, Carlos Monteiro, ya fito da rabe-raben a 2009, ya ware abincin da masana'anta ta sarrafa har ba ka gane asalinsa. A 2019 aka gwada a Amurka: mutum 20 aka killace wata guda, mako biyu abincin masana'anta, mako biyu girki daga ɗanyen kaya, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin leda sun riƙa ƙara cin kalori wajen 500 a rana ba tare da sun lura ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren suka sauke shi.

40/ Ni abin da na ɗauka daga tarihin nan shi ne harshenmu koya masa aka yi, kuma kwanan nan. Sabo turken wawa. Wanda ya saba da cokali huɗu, biyu zai ji kamar ruwan wanke kofi a makon farko. Ya daure ya yi wata guda, ranar da aka miƙo masa mai huɗun da kansa zai ce ya yi yawa.

41/ Ba na cikin masu cewa a daina komai rana ɗaya, galibi kwana uku suke yi su dawo da ramuwa. A fara da abin sha, nan ne ɓarnar ta fi yawa. Lemo ya koma inda alkaki yake a da, ranar biki. A ce wa mai shayi ya rage hannu, kuma ka tsaya kana kallo, don hannunsa ya saba. Madarar gwangwani mai kauri ita ma rabinta kusan sukari ce. Fura da nono ba su taɓa buƙatar komai ba.

42/ In ka ɗauki leda ko kwali, juya bayansa. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, in sukari na cikin ukun farko ka san abin da ka saya. Giram ɗin da aka rubuta ka raba shi gida 4, adadin cokali ke nan.

43/ Wanda ke kan maganin ciwon suga, musamman allurar insulin, kada ya canza cimarsa sai da likitansa, shi sukarin jininsa na iya faɗuwa ƙasa ya sume. Sauranmu kuma gwajin yatsa a kemis ko asibiti minti biyu ne, kuma mutane da yawa na yawo da ciwon shekara da shekaru ba su sani ba.

44/ Gwamnatoci sun fara farkawa. Mekziko ta sa wa lemo haraji a 2014. Birtaniya da Afirka ta Kudu a 2018, kuma a Birtaniya harajin na ƙaruwa ne da yawan sukarin, sai kamfanoni da yawa suka rage shi da kansu tun kafin dokar ta fara aiki. Najeriya ta sa nata a dokar kuɗi ta 2021: naira 10 a kan kowace lita. Naira 5 ke nan a robar rabin lita, kuɗin da yanzu ko ruwan leda ba zai saya ba.

45/ Zare na gaba in Allah ya yarda: yadda dunƙulen wani Basuwizalande mai suna Julius Maggi ya kori daddawa daga tukunyar miya. Masu kakanni a raye, kafin nan ku tambaye su shekara nawa suke da ita ranar da suka fara ɗanɗana lemon kwalba, ku ajiye min amsar a ƙasa.